Saƙon Basarke da Ban Kai Ba

Akwai wani saƙo da aka ba ni in kai wa jama'a, na riƙe shi a baki, ban kai ba. Da za a ce in zaɓi abu guda cikin duk abin da na aikata a duniya in warware shi, ba zan tsaya tunani ba, shi zan zaɓa. Na yi wasu laifuffukan, wasu ma sun fi wannan muni a idon mutane, amma masu su na same su da rai na roƙe su gafara. Wannan kuwa, wadda ya kamata in durƙusa a gabanta ta riga ni tafiya, kuma ta tafi tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne zuwan samarin majami'armu gidana makon jiya. Sun zo da wata babbar takarda a nannaɗe, suka shimfiɗa ta bisa tabarmata, suka danne gefenta da takalma. Zanen sabon gini ne. Za a rushe tsohuwar majami'ar ƙasa, a tayar da ta bulo da siminti, mai tagogin gilashi. Suka ce ni suke so in aza bulon farko, tunda ni na gina ta farkon. Na ce musu to. Tun ranar ban zauna wuri guda ba. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana kirana a cikin gida, in na shiga gida sai in fito. Na je bakin kogi sau uku ba tare da wani dalili ba, ga ƙafa ba ta da ƙarfi. Matata ta ce ko zazzaɓi ne ke shirin kama ni. Ba zazzaɓi ba ne. Karatuna ba mai zurfi ba ne, shekara uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, sauran a ajin karatun Littafi na koya, amma zan rubuta abin yadda ya faru.

Ni ba ɗan kogi ba ne. Daga ƙasar Arewa na fito, can wajen Dogon Dutse, inda ruwa ke zuwa daga sama ko daga ƙasan rijiya mai zurfi, ba shi da wata hanya ta uku. A wurinmu in damina ta wuce, maganar ruwa ta wuce. Yunwar shekarun fari ce ta koro ni Malanbil ina saurayi, na ƙetare gada da buhu guda a kai. Na samu aikin lebura inda ake gina ofishin duwan, wato kwastan, na koyi riƙe cokalin gini da igiyar awo, har aka fara kirana magini. Sunan ya shiga kaina fiye da yadda aikin ya shiga hannuna. Garin a lokacin bai kai rabin na yau ba. Da hantsi kana tsaye a kasuwa kana jin bugun filafili a jikin jirgin ruwa, kana jin sakan mata daga unguwa zuwa unguwa, da ƙugin manyan motoci da suka yi layi suna jiran a buɗe musu gada. Yau ƙarar babura ta haɗiye duk wannan. Rediyo guda ne a layinmu, na wani tela, kuma duk ranar da muka ji an bar labarai ana ta kiɗan soja, mun san an sake sabon shugaba a kudu. Tela ya kan ɗaga kai daga keke ya ce, “An sauya kuma,” ya ci gaba da ɗinki.

Mu masu bi ba mu da yawa, kuma kusan dukanmu baƙi ne. Akwai ma'aikatan duwan biyu 'yan kudu, da wani malamin asibiti, da direban babbar mota, da mu 'yan ƙetaren kogi masu jin Hausa, sai mata da yara. Muna sujada a ƙarƙashin wata rumfar zana a gidan wani tsoho da muke kira Baba Mai Ƙarfe. Shi kaɗai ne a cikinmu ya tsufa a garin, tun zamanin aikin hanya ya zo. Ya rataye wani tsohon ƙarfen ƙafar mota a reshen tsamiya, ran Lahadi ya buga shi da guntun ƙarfe sau bakwai, ya huta, ya sake bakwai. Maƙwabtanmu Musulmi sun saba da ƙarar har mata na auna ɗora tukunya da ita. Idon Baba ya soma dushewa, yana gane mutum da murya. Rumfar kuwa ta ishe mu wahala. Da damina ruwa na zuba a kan Littafi, da bazara kaji da awaki na ratsa tsakiyar addu'a, kowace shekara gara ta cinye ginshiƙai. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma akwai abin da yake maimaitawa duk lokacin da iska ta ɗaga zana: “Ni dai in yi sujada ƙarƙashin kwano ko sau guda, in ji ruwa na dukan shi ban jiƙe ba, sannan in tahi.”

Da aka samu takardar fili daga hukuma, bayan an yi ta kai da kawowa, sai muka ɗaura niyya. Lokacin an shiga mulkin juyin juya hali da kowa ya zama kamarad, ba a son taron addini sosai, kuma ana raɗe-raɗin cewa filin da ba a gina ba za a iya karɓe shi. Babu wani Bature ko wata ƙungiya da ta aiko mana da ko dala. Abin da muke da shi muka haɗa. Masu albashi suka yanke wani abu duk wata. Mu masu ƙarfi muka karɓi aron wata gona wajen Garu muka dasa albasa da sunan ginin. Ranar godiyar kaka kowa ya kawo damin gero ko kwaryar shinkafa, aka sayar. Mata suka ware cinikin rana guda a mako. Shugabarsu wata gwauruwa ce mai suyar ƙosai a bakin kasuwa, kowa na ce mata Inna. Gajeriya ce, mai kaifin baki, tana riƙon jikanyarta da uwar ta rasu ta bari tana jaririya. Ranar alkawari, da aka ce kowa ya faɗi abin da zai bayar, Inna ta miƙe ta ce awakinta biyu na ginin Ubangiji ne. Da lokacin kawowa ya yi, guda ta jawo. Ba wanda ya ce mata komi, don kowa ya san ɗayar ce ke ba yarinyar nono.

Kuɗin da aka tara na kwano ne da katako da ƙusa. Tubali kuwa mu za mu buga da hannunmu. A kan inda za a buga shi ne aka yi zaman da ba na mantawa. Baba ya ce a buga a kan tudu, kusa da filin, a riƙa ɗauko ruwa da tano, gangar ƙarfe, a amalanke. Ni na ce wahalar banza ce. Na riga na ga wani kwari a bayan gaɓar kogi, tafiyar sa'a guda daga gari ta hanyar Garu, laka mai kyau, ruwa kusa, ƙaiƙayin shinkafa a masussuka ba mai so. Na ce a can za mu gama cikin wata biyu abin da zai ci mana wata biyar a tudu.

Baba ya juyo da fuskarsa inda muryata take. “Kwarin da ke da kanya guda a tsakiya?”

“Shi, Baba.”

“Na ga jirgi ɗaure a gindin kanyar nan, ɗana.”

“Wace shekara?”

“Da daɗewa.”

“To ni shekarata huɗu a garin ga, ban taɓa ganin ko kwaɗo a wurin ba. Kuma damina ta wuce. Ruwan mi za ya zo, daga ina?”

Wasu suka yi dariya. Na san kogin na ƙaruwa da sanyi, kowa ya sani, amma a shekarun farin da na yi a garin ƙaruwar ba ta wuce ta lashi gaɓa ta koma ba, sai na ɗauka iyakarta ke nan. Na ƙara da wata magana da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce, “Baba, a bar wa mai gani ya duba wuri.” Inna ta ce, “Kai magini, wanke bakinka.” Baba ya ɗaga hannu ya ce a bar ni. Ma'aikatan nan 'yan kudu ba su san kogin ba, sauri suke so saboda takarda. Aka bi shawarata.

Ba zan ɓoye ba, watannin nan biyu suna cikin mafi daɗin kwanakin da na yi a duniya, shi ya sa abin ya fi ciwo. Mukan fita da sassafe, sanyi na cizon yatsu. Maza su haƙa laka, a zuba ƙaiƙayi, a kwarara ruwa, mata su shiga da ƙafa suna kirɓawa suna waƙa, wannan ta ɗauko da Hausa, waccan ta amsa da harshen kudu, ba mai jin na wani amma amshin na haɗuwa. A bar lakar ta kwana uku ta ruɓa, sannan a cusa ta cikin akwatin katako, a shafe da tafin hannu, a zare akwatin a hankali. In tubali ya sha rana a juya shi a kan gefe, in ya bushe a jera shi tsibi-tsibi. Ƙafafun mata suka tsattsage, suna shafa man kaɗe suna komawa. Inna ta bar kaskonta na kasuwa, a lokacin da cinikin ƙosai ya fi tafiya, ta dawo tana soya mana a bakin aiki, yarinyar na goye a bayanta. In na wuce ina duba layi sai ta ce, “Ga kwamandan laka nan, ku gyara tsayuwa.” Yaran yau suna sayen bulo a mota, a sauke musu a ƙofar fili, ba su san ƙamshin lakar da ta ruɓa ba, ba su san yadda mutum ke gane tubalinsa cikin dubu da alamar yatsansa ba. Baba ma ya sa an kawo shi a keke sau ɗaya. Ya shafa tubali guda, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, “Aiki ya yi kyau.” Bai ƙara ko kalma a kan wurin ba.

Da muka gama, direbanmu ya ce zai kwashe tubalin da motarsa in ya dawo daga kudu, bayan mako biyu. Jama'a suka koma ga cirar albasa, ni kaɗai nake leƙa kwarin. A nan ne wani Basarke ya same ni, wani dattijon masunci Musulmi da bukkarsa ke kan gaɓa, wanda ya sha ba mu kifi kyauta muna aiki. Akwai wasa tsakaninmu, don ya san ban iya iyo ba. Ranar yana gyaran koma, ya kira ni da hannu, da sunan da ake kiran mutanen ƙasarmu ta Arewa.

“Ba'are, zo nan. Tubalin ga naku, yaushe za ku ɗauke shi?”

“Sati biyu, in Allah ya so.”

“Ba ku da sati biyu.” Ya nuna kogin da haɓa. “Dubi launin shi.”

Na duba. Ruwa ne dai, ya yi duhu, ya kwanta, wasu ƙullin ciyawa na tafiya a kai.

“Jan ruwa na damina ne, wanga baƙin ruwa ne, daga nesa shi ke tahowa, wata da watanni shina hanya. Masu jirgin da suka sauko daga yamma sun ce bana ba irin na shekarun nan ba ne. Kuma ba ta gaba za ya shigo muku ba, ta bayan kwarin za ya zagayo, ta tsohuwar hanyar shi.” Ya kama hannuna ya kai ni gindin kanyar, ya ɗora yatsana a kan wani tsohon zobe da igiya ta ci a jikin itacen, daidai ƙirjina. “Ubana ya ɗaure jirgi nan. Ka gaya wa tsohonku mai ƙarfe, ka ce ni na ce. Ku nemi amalanke ku kwashe cikin kwana biyar. In kuna son hannu, ɗiyana na nan.”

Na ce masa na gode, zan faɗa. Ya ce, “Kai da ruwanku ke cikin rami, ka dai faɗa.”

Na kamo hanyar gari da niyyar faɗa, Allah ne shaidata. Amma tafiyar sa'a guda ce, kuma a cikin sa'ar nan na yi ta jin muryata tana cewa a bar wa mai gani ya duba wuri. Na ga kaina tsaye a rumfa ina cewa makaho ya fi ni gani. Na ga Inna tana kallona. Na ce a raina hayar amalanke za ta ci kuɗin kwano, mota kuwa kyauta ce. Na ce masunta sun cika tsoratarwa. Kafin in iso kasuwa, kwana biyar ɗin Basarke sun zama mako biyu a kaina. Ran Lahadi Baba ya ji muryata bayan sujada ya ce, “Magini, tubali lahiya?” Na ce, “Lahiya lau, Baba.”

Ran Laraba ta biyu na koma. Sararin sama fes, ba ko gajimare. Na tarar da ruwa a bayan kwarin, ya shigo cikin ciyawa shiru, ba igiya ba ƙara, taku kamar talatin daga tsibin farko. Ko a ranar, da na ruga gari na yi kururuwa, da an ceci fiye da rabi. Maimakon haka na ɗauki fartanya na yini ina tayar da 'yar ganuwar ƙasa ni kaɗai, kamar mai tare kogi da tafin hannu. Na hangi Basarke a jirginsa ya tsaya yana kallona. Na juya masa baya.

Mota ta iso ran Asabar da yamma. Ran Lahadi bayan sujada muka hau, maza da mata, ana waƙa. Da muka kai inda hanya ke gangarawa, direba ya taka birki, waƙar ta mutu a bakin mutane ɗaya bayan ɗaya. Kwarin ya zama tafki. Kanyar na tsaye cikin ruwa. Tubalin ƙasa ba ya jure jiƙa daga ƙasa: layin gindi ya narke, na sama suka zube a kansa. Abin da muka gani wasu 'yan tsibirai ne na laka, ƙaiƙayi na yawo a kansu, farar balbela guda na tsaye a kan mafi tsawo. Wani daga cikin 'yan kudu ya tambaya da Faransanci ko an yi ruwan sama ne ba mu sani ba. Ni ne na fara buɗe baki. Na ce, “Ikon Allah.”

Lahadin da ta biyo ita ce ranar da nake so in warware. Muna zaune a rumfa ba mai kallon wani, sai Inna ta shigo a makare, tana jan akuyarta ta biyu da igiya. Ta ɗaure ta a ginshiƙi, ta zo gaba ta durƙusa. Ban taɓa ganin matar nan ta yi ƙasa da murya ba sai ranar.

“Jama'a, ku bar neman dalili. Ni ce. Na yi wa Ubangiji alkawarin biyu a gabanku, na kawo guda, na ɓoye guda. Ruwa ba ya zuwa da rani haka kawai. Wahalar da kuka sha, ƙafafun da suka tsage, ni na jawo. Ga ta nan, na kawo. Ku gafarta mini.”

Malamin asibiti ya ce ta tashi, Allah ba ya haka. Mata suka kama ta suna cewa ta mayar da akuyar saboda yarinya. Ta ƙi. Baba ya ce, “Inna, ba ke ba ce.” Ta ce, “To wa ne, Baba?” Baba ya juya fuskarsa a hankali zuwa gefen maza, ya tsaya haka. Ina zaune taku uku daga gare shi. Abin da za a ce gajere ne: an gaya mini, ban faɗa ba. Na sunkuyar da kai ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero, har aka ɗauko waƙar rufewa.

An sayar da akuyar. Inna ta koma kasuwa ta tarar wata ta zauna a wurinta, sai ta koma suya a ƙofar gida inda ciniki bai kai rabi ba. Yarinyar ta rame a shekarar, ta rayu dai, da kunu da taimakon maƙwabta. Bakin Inna mai kaifi ya mutu. Ba ta sake kirana kwamandan laka ba, sai “magini, sannu da ƙoƙari,” kuma wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. Muka sake buga tubali a kan tudu, yadda Baba ya ce tun farko, amma mutane sun gaji, wasu an yi musu canjin wurin aiki, dole aka taɓa kuɗin kwano aka ɗauki leburori. Na yi aikin kamar mahaukaci, ba na karɓar ko dala, ina fara fita ina ƙarshen komawa, mutane na yabona. Bango ya tashi a shekara ta biyu. Kwano bai samu ba sai a ta uku.

Baba bai kai ba. Ya kwanta ana saura 'yan watanni a yi rufi. Na je gaishe shi wata rana da azahar, na same shi kwance a inuwar tsamiyar, ƙarfen na rataye bisa kansa. Na zauna, na yi ta juya hula a hannu, daga baya na ce, “Baba, akwai maganar da ban gaya maka ba.”

“Ta Basarke?”

Bai jira ni ba, ya ci gaba.

“Ya zo nan da kanshi, washegarin ranar da kuka je da mota. Ya ce, tsoho, don mi ba ku kwashe ba, ban aiko muku ba?”

“Ka sani tun ranar da Inna ta kawo akuya?”

“Na sani. Na jira ka. Da na faɗa da bakina, da ka bar garin ga, ka bar sujada, kuma ba mu da wani magini. Na gaya mata ba ita ba ce, sau nawa, ba ta yarda ba, don ban ba ta sunan kowa ba. Wataƙila ni ma na yi kuskure.” Ya lalubo gwiwata ya dafa. “Ni ba ni da komi a kanka. Kwano kuwa, na ji ƙarar shi a gidan wasu, ya isa. Amma matar nan na kwana da abin da ba nata ba. Ka tahi ka sauke mata. Yau, ba gobe ba.”

Na ce to. Na tashi na nufi gidanta. Na same ta a ƙofa tana kwashe ƙosai daga mai, mutum biyu na jira. Na ce bari su tafi. Da suka tafi wasu suka zo. Ta ɗago ta ce, “Magini, na nawa?” Na ce na dala biyu. Na karɓa na tafi.

Haka na yi ta yi. Na sayi ƙosan matar nan shekara shida. Na gyara mata katanga, na yi mata daɓen ɗaki, na saya wa yarinyar littattafan lakwal. Duk abin da hannu ke iya yi na yi, abin da baki zai yi ne na kasa. Ranar da aka buɗe majami'a, ruwan farko ya sauka muna ciki, kwano ya ɗauki ƙara har ba a jin mai wa'azi, mutane na dariya suna kuka. Inna na zaune a layin ƙarshe kusa da ƙofa. A nan ta zauna har ƙarshen ranta, ba ta yarda ta koma gaba ba, ta kuma ajiye shugabancin mata. Da ta rasu ina wajen aiki a Gene, kwana biyu kafin labari ya same ni.

Tare da samarin da suka zo mini da takarda makon jiya akwai mace guda, ita ke riƙe da asusun mata. Ita ce yarinyar nan da aka goya a bakin kwari, yanzu ita ma ta yi furfura. Da suna naɗe takardar ta ce, “Baba, kakata ta sha gaya mini ginin farko ya rushe saboda ita, shi ya sa ni ba na yin alkawarin abin da ban riƙe a hannu ba.” Ta faɗa tana murmushi, kamar wani abin gado mai kyau. Ashe abin bai tsaya a kabari ba.

Na aika a gaya musu zan aza bulon, amma sai an ba ni magana tukuna, a gaban kowa, kuma jikanyar Inna ta zauna a layin gaba. Wannan takardar zan karanta, don na san kaina, in na dogara da baki zan sake sayen ƙosai in tafi. Na kuma roƙe su abu biyu: kada a zubar da ƙarfen Baba cikin tarkace, kuma kafin su haƙa tushe su je su gaida tsofaffin unguwar, na masallaci da na bakin kogi, su tambaye su inda ruwa ke bi.

Ku da za ku karanta wannan, ba na roƙonku ku ji tausayina. Kuskuren zaɓen kwari kowa na iya yin irinsa, laka ce, an sake buga wata. Abin da nake roƙo kada ku maimaita shi ne na biyun. In aka ba ku saƙo ku kai, ku kai shi a ranar, ko da zai nuna ku ne ba ku da gaskiya. In kuma kuka ga wani ya durƙusa yana ɗaukar laifin da kuka san naku ne, ku miƙe tun yana durƙushe, kafin a ɗauko waƙar rufewa.